Idan Na'ura Ta Nuna Mutum, Wa Zai Ɗauki Alhaki?

 

'Yar'uwa, wata tambaya ce aka kawo mini wadda ta hana ni sukuni mako guda, na ga ya dace in kawo miki ita, domin idan ba ta shigo gidanki bana ba, to tana kan hanya. Ran wata Asabar bayan an tashi daga ajin matan aure, wata Hajiya da ta girme ni nesa ba kusa ba ta tsaya har kowa ya watse, sannan ta matso ta zauna a gefen tabarmata. 'Yarta ta taɓa zama ɗalibata. Yarinyar ta yi karatun kwamfuta a nan Kazaure, ta ƙaro digiri, ta gama bautar ƙasa, yanzu kuma ta ji ɗaya daga cikin hukumomin tsaro na ɗaukar ma'aikata, tana son ta nemi sashen da ke aiki da abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Mahaifinta ya ce a je a yi shawara. Hajiya ta dube ni ta ce, "Malama, don Allah ki gaya mini gaskiya. Wannan aikin ba leƙen asirin mutane ba ne? Albashinsa zai halatta kuwa?"

Na ce, "Hajiya, ki ba ni mako guda." Ba don jan aji ba. Bakina ya so ya ce babu komai, zuciyata ta ƙi.

Ba abin mamaki ba ne a ce wannan tambaya ta ɓullo a Kazaure. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Saminu Turaki, aka buɗe makarantar Informatics a garin nan, lokacin da yawancinmu ba mu taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Ga kwalejin Hussaini Adamu, ga kuma jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Yaran da ke fitowa daga waɗannan wurare dole su nemi inda za su yi aiki. A ɗaya ɓangaren kuma gwamnati ta juyo da fuskarta wajen wannan fanni. A 2020 hukumar NITDA, ƙarƙashin Kashifu Inuwa Abdullahi, mutumin Haɗeja, ta buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira ta ƙasa a Abuja. A 2023 aka naɗa Badaru Abubakar, ɗan Babura, ministan tsaro, wato harkar tsaron ma ba baƙuwarmu ba ce. Can Amurka kuwa, a watan Fabrairun 2024 ma'aikatar tsaron cikin gida ta yi shelar neman ƙwararru 50 a wannan fanni kaɗai. Abin da ya faro a can, kin san ba ya daɗewa yake iso mu.

To mece ce ita wannan basira da ake ta kururutawa? Ba aljani ba ce, kuma ba ta san gaibu ba. Ki ɗauki dillaliyar da ta shekara talatin tana sayar da atamfa. Da ta shafa zane za ta gaya miki na gaske ne ko jabu, saboda dubban da suka ratsa hannunta. Haka ake yi wa na'ura: a nuna mata misalai miliyoyi har ta kama kamanni, sai a kawo mata sabon abu ta ce wannan ya yi kama da kaza. A aikin tsaro ana ba ta fuskoki ta daidaita da na waɗanda ake nema, ana ba ta jerin kiran waya ta zaƙulo wanda ya fita daban, ana ba ta shige da ficen kuɗi a asusun banki, ana ba ta hotunan da jirgi marar matuƙi ya ɗauko daga sama. Abin da take bayarwa zato ne, sai dai zato ne da ya sha kwalliya da lambobi. Inda ta rabu da dillaliya shi ne, dillaliya idan aka kawo mata zanen da ba ta taɓa gani ba za ta ce ban san wannan ba, kuma idan ta yi kuskure za ta ji kunyar haɗa ido da ke. Na'ura ba ta jin kunya.

Kada mu yi saurin la'antar abin. Muna maƙwabtaka da Katsina, mutanen Roni da Gwiwa sun fi kowa sanin haka. A watan Disambar 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a dare ɗaya. Masu garkuwa da mutane da waya suke cinikin kuɗin fansa. A wannan watan ne gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, sannan a Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya da ƙananan hukumomi 13 na Katsina. Ki lura da abin da katsewar nan take nufi: an kasa bambance wayar ɗan bindiga da ta mai naƙuda da ke neman mota cikin dare, sai aka rufe duka. Idan akwai kayan aikin da zai iya tsamo waya ɗaya daga cikin miliyan ya bar saura, wace uwa ce ɗanta ke hannun 'yan daji za ta ce kada a yi amfani da shi? Ni dai ba zan iya kallon idonta in karanta mata babin haramcin bincike ba.

Amma haramcin yana nan. Suratul Hujurati ta hana mu bibiyar asirin juna, ta haɗa shi waje ɗaya da mummunan zato da cin naman mutane. Malamai kuma ba su bar maganar a dunƙule ba. Imam Mawardi, a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya, ya bayyana cewa jami'in hisba ba shi da ikon tono abin da mutane suka ɓoye, sai a inda ake tsoron aukuwar ɓarnar da ba za a iya gyarawa ba idan ta auku, kamar amintaccen mutum ya kawo labarin wani ya keɓe da wani don ya kashe shi. Ke nan aikin tattara bayanan sirri don kare rayuka yana da gurbinsa. Annabi da kansa, Sallallahu alaihi wa sallam, ya aiki Huzaifa ɗan Yamani cikin sansanin abokan gaba a daren sanyi lokacin yaƙin Khandaƙ, ya je ya kawo labari, tare da gargaɗin kada ya tayar da su. Huzaifa ya hango Abu Sufyan yana jin ɗumin wuta, har ya ɗana kibiya a baka, sai ya tuna gargaɗin, ya sauke. Ki riƙe wannan saukewar, za mu dawo kanta.

To ina matsalar? A nan ne na daɗe ina juya abin. Izinin da malamai suka bayar yana farawa ne daga mutum guda da aka samu ƙwaƙƙwaran dalili a kansa, sannan a bincike shi. Na'ura kuwa hanyar ta juya. Sai an fara tara na kowa, kiranki da na mijinki da na malamin unguwa da na mai sayar da ƙosai, sannan a nemi wanda za a zarga a ciki. A da zargi ke jawo bincike, yanzu bincike ke haifar da zargi. Kamar a ce don an yi sata a unguwa sai a cire labulen ƙofar kowane ɗaki, a ce marar laifi ba shi da abin ɓoyewa. Ashe? Ke da ba ki saci komai ba, za ki yarda a cire labulenki? Sutura ba ta masu laifi ba ce kaɗai. Sashe na 37 na tsarin mulkin Nijeriya ya ba da kariya ga sirrin gida da wasiƙu da hirar waya. A watan Yunin 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, sai dai ita dokar ta sassauta wa hukumomi wasu sharuɗɗa idan maganar tsaron ƙasa ce ko binciken laifi. Wannan sassauci ba a rasa dalilinsa ba, amma yana nufin a cikin waɗancan ofisoshi, da yawa daga abin da zai hana a wuce gona da iri ya koma ga halin wanda ke zaune gaban kwamfuta. Shi ne zai iya buɗe bayanan maƙwabciyarsa don son sani kawai, ko na abokin hamayyar maigidansa, shi ne kuma zai iya ƙin buɗewa.

Sai maganar kuskure, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Akwai ranar da na je wani ofis karɓar wasu kuɗi nawa, ashe lallen da na sha a bikin ƙanwata bai gama fita ba. Na ɗora babban yatsa sau wajen bakwai, na'ura ta ce ba ni ba ce. Ga ni tsaye, ga katina, ga fuskata, yaron da ke wurin ma ya san ni don na koyar da yayarsa, amma ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, abin ya ƙi." Na dawo gida hannu rabbana. Wannan kuɗin cefane ne kawai. Ki ƙaddara abin da na'urar ta faɗa ba "ba ke ba ce" ba ne, a'a, "ke ce", kuma wadda ake nema mai laifi ce.

Ya faru. A Fabrairun 2023, a birnin Detroit na Amurka, 'yan sanda suka je gidan wata baƙar fata mai cikin wata takwas tana shirya 'ya'yanta makaranta, suka kama ta bisa zargin fashin mota, saboda na'urar gane fuska ta haɗa tsohon hotonta da na wadda ake nema. Ta yi wajen awa 11 a tsare, daga baya aka janye ƙarar. Kuma ba tsautsayi ne kawai ba. A 2018 wasu mata biyu masu bincike, Joy Buolamwini 'yar asalin Ghana da Timnit Gebru haifaffiyar Habasha, sun gwada na'urorin manyan kamfanoni uku a kan abu mai sauƙi, wato su faɗa fuskar nan ta namiji ce ko ta mace. A kan fararen maza kuskuren bai kai ɗaya cikin ɗari ba. A kan mata masu duhun fata ya kai kusan 35 cikin ɗari. A 2019 hukumar ma'auni ta gwamnatin Amurka ta gwada irin waɗannan na'urori kusan 200, ta samu cewa fuskokin mutanen Afirka ta Yamma na cikin waɗanda aka fi ɗauka a matsayin wani daban. Dalili a fili yake: ba da fuskokinmu aka yi wa na'urar tarbiyya ba. An samu gyara tun daga lokacin, amma ki lura su wa suka gano aibin. Mata ne biyu da abin ya shafa. Ita Joy sai da ta sanya farin abin rufe fuska kafin wata na'ura ta gane akwai mutum a gabanta.

Haka harshe. A ce an sa na'ura ta saurari hirar waya ta Hausa tana farautar kalmomin haɗari. A wuni ɗaya sau nawa kike cewa kashe? Kin kashe kuɗi a kasuwa, kin kashe wuta, wance ta kashe aurenta, wance ta kashe ɗaurin ɗankwali. Kunama ta harbi yaro. Kaya sun iso, a zo da daddare a ɗauka, alhali kayan lefe ake nufi. Wanda ya koyi Hausa a ƙamus zai cika takarda da sunayenmu. Sai wanda ya tashi a cikinta ne zai yi dariya ya goge.

Wani wurin kuma babu dariya. A daren 3 ga Disambar 2023, jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu taron Maulidi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 85 aka binne, da yawansu mata da yara. Rundunar soja ta amsa cewa kuskure ne, an hango taron daga sama aka ɗauka motsinsu irin na 'yan bindiga ne. Ko mene ne ra'ayinki game da Maulidi, wannan jini ne da aka zubar ba da hakki ba. A Tudun Biri mutane ne suka kalli hoto suka yanke hukunci. Amma ainihin aikin da ake son a miƙa wa ƙirƙirarriyar basira ke nan, ta kalli motsi daga sama ta ce ya yi kama da kaza. Idan daga irin wancan kallon ta koya, za ta maimaita kuskuren, sai dai ta fi sauri. Na sha tambayar kaina, da a ɗakin da ake kallon hoton akwai wanda ya san ƙauyukanmu kan ci gaba da taron Maulidi watanni bayan Rabi'ul Awwal, ya san cewa da dare ake yi, ya san cewa waɗancan ƙananan inuwoyi da ke kai da kawo a gefen taro yara ne, kuma yana da bakin da zai ce a dakata, da me zai faru?

Kin ga mun iso kan alhaki. Na'ura ba za a tashe ta ranar hisabi ba, ba ta da niyya, ba ta da tuba. Duk abin da ta nuna, a wuyan ɗan Adam yake. Haɗarinta shi ne takan yayyanka alhakin ƙanana-ƙanana har kowa ya ga nasa bai taka kara ya karya ba. Wanda ya tsara ta ya ce ni lissafi na rubuta. Wanda ke gabanta ya ce abin da ta nuna na isar. Na sama ya ce rahoto aka kawo mini. Kowa ya ce ba shi ya kashe zomo ba, rataya aka ba shi, ga zomo kuma a mace. A Afrilun 2024 mujallar +972 ta buga rahoto, daga bakin wasu jami'an leƙen asirin Isra'ila, cewa wata na'ura mai suna Lavender ta jera sunayen mutanen Gaza kusan 37,000 a matsayin abin hari, kuma wani jami'in ya ce daƙiƙa 20 yake ɗauka a kan kowane suna kafin ya amince. Sojan Isra'ila sun musanta. Amma ki tsaya a kan daƙiƙa 20 ɗin. Ko tsintar shinkafa ta fi haka. Mutumin da aka ajiye don ya duba aikin na'ura, idan ya zama hatimi kawai, to an ajiye shi ne don a ce akwai mutum, ba don ya hana komai ba. Alhali mu an umarce mu, a dai cikin Suratul Hujurati, idan wanda ba amintacce ba ya kawo labari mu tabbatar tukuna, don kada mu cutar da mutane cikin rashin sani mu wayi gari muna nadama. Ban ce na'ura fasiƙa ce ba, amma mai kawo labari ce da ba ta rantsuwa, ba a kuma yi mata tambayoyi a gaban alƙali.

Akwai wanda ya ƙi zama hatimi. Ranar 26 ga Satumbar 1983, wani hafsan sojan Tarayyar Sobiyat mai suna Stanislav Petrov yana kan aiki da dare, sai na'urar gargaɗi ta ce Amurka ta harbo makami mai linzami, can ta ce guda biyar. Ya yi tunani ya ce wanda zai fara yaƙin ƙare dangi ba zai fara da biyar ba, ya sanar da na sama cewa ƙararrawar ƙarya ce. Daga baya aka gano hasken rana ne da ya daki gajimare ya ruɗi tauraron ɗan Adam. Ba a ƙara masa girma ba, faɗa ma aka yi masa a kan bai cike takardu daidai ba. Wannan ita ce saukar da kibiyar Huzaifa a wani zamani daban, kuma ina ganin ita ce ainihin aikin da 'yar Hajiya ke nema, ko da takardar ɗaukar aikin ba ta faɗa ba.

Wata za ta ce, Malama, ai mafi tsira shi ne a nisanci wurin baki ɗaya. Wannan magana ce mai nauyi, ba na raina ta. Magabata da yawa sun guji ƙofar masu mulki don tsoron zama mataimakan azzalumai. A zamaninmu ma, a 2018 ma'aikatan kamfanin Google fiye da 3,000 sun sa hannu a wasiƙar ƙin wani aiki da ma'aikatar tsaron Amurka, na koya wa na'ura tantance hotunan jirage marasa matuƙi, har kamfanin ya ce ba zai sabunta kwangilar ba. Sun tsarkake hannunsu. Aikin dai bai tsaya ba, wasu kamfanonin suka ɗauka. Sai dai ni kaina ina tsoron wannan hujjar ta "idan ban yi ba wani zai yi", domin da ita mai karɓar cin hanci ma yake kwana lafiya. Hujjar ba ta tsayuwa sai ga wanda shigarsa za ta canza wani abu. Annabi Yusuf, Alaihis salam, ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar a ƙarƙashin sarkin da ba addininsu ɗaya ba, kuma abu biyu ya ambata game da kansa, tsare amana da sanin aiki. Wadda ta shiga da sanin aiki ba amana, ta ƙara wa zalunci kaifi ne. Wadda ta shiga da amana ba sanin aiki, za a ajiye ta a gefe tana sa hannu a abin da ba ta fahimta ba. Akwai kuma ranar da mai duka biyun za ta ga cewa "a dakata" ɗinta ba ya dakatar da komai, ana amfani da sunanta ne kawai. Wannan ranar barin kujerar ya fi zama a kanta, kuma gara a san da ita tun kafin a karɓi albashin farko, don bayan an saba da albashi ƙafa kan yi nauyi.

Yanzu bari in taɓa mu, ki yi haƙuri. Ina ake koyon amanar sirri? Ba a jami'ar Babura ba. Uwar da ke aiken 'yarta ta je ta laɓe a ƙofar kishiya ta jiyo me ake cewa, ta riga ta ba ta horon farko a aikin leƙen asiri, irin wanda ba shi da iyaka. Wadda ke jira maigida ya shiga wanka ta ɗauki wayarsa yara na kallo, ta koya musu cewa abin da hannunka ya kai gare shi halal ne ka buɗe. Wadda ke tura saƙon murya a WhatsApp da hoton wani an ce ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne, ba ta san shi ba, ba ta tambaya ba, ita ma daƙiƙa 20 ta ɗauka. Sannan ga wani abin da ya fi wuyar faɗa. Muna tarbiyyar yara a kan kada su musa wa babba, kuma ladabi abu ne mai kyau. Amma yaron da duk ranar da ya ce "Baba, ba haka aka yi ba" sai ya sha mari, ya girma ya sa kaki, yaya za a yi ya ce wa mai anini a kafaɗa, "Ranka ya daɗe, a dakata, ban gamsu da wannan hoton ba"? Akwai hanyar musu cikin ladabi, kuma a tsakar gida ake gwada ta.

Maganar aure kuwa gajeriya ce. Irin wannan aiki yana da sirrin da ko miji ba a gaya wa, ga canjin wurin aiki, ga kwanan ofis wani lokaci. Duk mai neman yarinyar a gaya masa tun ana gaisuwa, kada sai an shafa fatiha.

Da mako ya zagayo na ce wa Hajiya ta zo mini da ita. Na gaya musu abin da na fahimta: tsare rayukan mutane aiki ne na halal, albashinsa halal ne, amma halaccin ba ya bin kujera, yana bin abin da aka aikata a kanta kowace rana, kuma su ƙara tuntuɓar malamai da suka fi ni. Sannan na juya wajen yarinyar na ce, "A ce na'ura ta nuna miki mutum, ta ce tana da tabbacin casa'in cikin ɗari shi ne, shugabanki yana tsaye a kanki yana jira. Me za ki yi?"

Ta sunkuyar da kai ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Malama, idan mutum dubu ta nuna a haka, ɗari daga cikinsu ba su ji ba ba su gani ba. Zan ce a ba ni wata shaidar da ba daga na'urar ta fito ba."

Na ce, "Idan ya ce babu lokaci fa?"

Ta ce, "Sai in rubuta cewa ban amince ba, in sa sunana."

Hajiya ta ce, "Su kore ki ke nan."

Yarinyar ta ce, "Wataƙila, Umma."

Mahaifinta ya sa hannu, ta tura takardunta, har yanzu ba a kira su ba. Hajiya tana zuwa aji kamar kullum. Asabar ɗin da ta wuce ta sake tsayawa bayan an tashi, ta ce mini ita fa har yanzu wani lokaci cikin dare takan samu kanta tana addu'a biyu masu karo da juna, ɗaya Allah Ya sa a ɗauke ta, ɗaya Allah Ya sa kada a ɗauke ta, ta rasa wacce za ta bari. Na ce ta bar su duka biyun ta koma istihara.